Majami'a, Makaranta da Gona: Sharhi a Kan Tarihin Gimi da Darasinsa ga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1. Abin da takardan nan ta nufa

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, watau yankin da mutanen da su ke kira Katsina Laka, akwai ƙauyuka da gidajen gona masu yawa waɗanda ke da majami'a, a gefenta kuma da 'yar makaranta. Masu su Hausawa ne manoma. Da Hausa su ke addu'a, da ita su ke waƙa, da ita kuma kakanninsu suka fara koyon baƙaƙen boko. Galibin waɗannan wurare ba su daɗe ainun ba, gama mutane ne suka yi ƙaura, suka sari daji, suka kafa su. Amma in malami ya tashi neman littafi guda da zai ɗauki ƙauye ɗaya daga cikinsu, ya bi tarihinsa tun daga saran daji har zuwa ginin makaranta, zai sha wuya.

Ƙauyen baƙin manoma da tarihin majami'arsa da makarantarsa ya fi shiga takarda a ƙasar Hausa shi ne Gimi. Ba a ƙasar Katsina ya ke ba, yana ƙasar Zazzau ne, wajen Maƙarfi, kusa da hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Kano, amma maƙwabcin Katsina Laka ne ta fuskar ƙasa da noma da harshe. Nufinmu a nan mu auna yadda aka rubuta labarinsa, mu nuna inda marubuta suka yi ƙwazo da inda suka bar giɓi. Abin da mu ke so mu tabbatar shi ne, an rubuta tarihin Gimi kamar tarihin Mishan, alhali kuwa tarihin ƙaura ne irin ta Hausawa, wanda ba ya fahimtuwa sai an sa gona a ciki. In wannan ya tabbata, to, ya zama ma'auni ga duk mai niyyar rubuta na ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi.

2. Labarin Gimi a taƙaice

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birnin Kano, ana ce da shi Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani sai hankalinsa ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya riƙa ba shi wani matsayi da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Ya tara almajirai, magana ta kai fada, ya ƙi janye abin da ya faɗa, aka kashe shi. Mabiyansa, waɗanda a ke kira Isawa, suka bazu zuwa gefen ƙasa, waɗansu wajen duwatsun Ningi, waɗansu a kan iyakar Kano da Zazzau. Duk wannan ya auku tun babu Bature ɗan Mishan ko ɗaya da ke zaune a ƙasar Hausa.

Walter Miller, wanda Zagezagi su ke kira Likita Mila, yana cikin ayarin 'yan Mishan na CMS da suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. A 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyar Isawa suka zo wurinsa. Aka yi ta kai da kawowa, har waɗansu gidaje suka karɓi addinin Kirista, aka nema musu fili a Gimi, suka taru can da iyalinsu. Aka gina majami'a da makaranta, aka sa wani limamin Kirista baƙar fata, mutumin tsibiran Indiya ta Yamma, mai suna W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da dama, kafin 1920 ta kewayo zaman ya lalace. Waɗanda suka tsira, musamman yara, suka koma Zariya. A 1929 kuwa, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, Mishan ta fita daga cikin ganuwa ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Bartalamawus da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausawa, da makaranta, da asibiti.

3. Yadda Likita Mila ya ba da labarin

Mafarin yawancin abin da a ke maimaitawa game da Gimi shi ne alƙalamin Mila kansa, musamman littafinsa *Reflections of a Pioneer* na 1936, watau tunanin mai share fage. Dole a ba shi haƙƙinsa. Ganau ne, ba jiyau ba. Ya ji Hausa ƙwarai, shi ne kuma jigo cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932. Ba don ya rubuta ba, da labarin Malam Ibrahim bai kai kunnen masana da wuri haka ba.

Amma fa mai karatu ya tuna da waɗanda aka rubuta wa littafin. Mutanen Ingila ne masu ba da gudunmawa ga aikin Mishan, su kuwa abin da su ke so su ji shi ne iri ya faɗa a ƙasa mai kyau. Saboda haka labarin ya ɗauki siffar jira da cikar alkawari: ga mutane cikin daji suna sauraron wanda zai zo musu da littafi, ga shi kuma ya zo. Wannan siffa tana da daɗin ji, amma tana ɓoye abu biyu. Na fari, ba dukan Isawa ne suka bi Mila ba. Da yawa sun tsaya a kan tafarkinsu, har wa yau kuwa akwai zuriyarsu da ba su shiga majami'a ba. Wanda ya ɗauki Isawa a kan Kirista ne da ba su ƙarasa ba, ya hana kansa fahimtar waɗanda suka ƙi zuwa Gimi, su ma kuwa suna da hujjarsu. Na biyu, siffar ta mai da mutanen Gimi masu karɓa kurum. Ga shi kuwa su ne suka tako da ƙafarsu zuwa Zariya, su ne suka yanke shawarar barin gonakinsu, su ne kuma suka sari dajin.

Akwai wani abu kuma. Mila ya yi shekaru yana jayayya da Gwamnatin Turawa a kan yadda ta ke mulki ta hannun sarakuna, da yadda ta hana 'yan Mishan sakewa a ƙasashen Musulmi. Littattafansa cike su ke da wannan ƙara. Mai ƙara kuwa ya kan zaɓi shaidar da za ta taimake shi. Don haka abin da ya shafi izni da hani, da Razdan da fada, ya sami wuri mai faɗi, abin da ya shafi gandu da gayauna, da wanda ya auri wa, da abin da aka shuka, ya sami kaɗan. Ba laifi ba ne ga mai rubuta tarihin ransa. Laifin yana kan wanda ya zo daga baya ya ɗauki tarihin ran mutum guda a matsayin tarihin ƙauye.

4. Abin da masana suka ƙara

Littafin E. P. T. Crampton, *Christianity in Northern Nigeria*, wanda aka buga a Zariya a 1975, ya yi amfani babba, domin ya jera ƙungiyoyin Mishan da wuraren da suka zauna da yadda suka ƙare da hukuma. Amma da ya ke Arewa duka ya ɗauko, awonsa Mishan ne da lardi, ba ƙauye ba. A irin wannan awo Gimi 'yar tasha ce a kan hanyar zuwa Wusasa.

Ian Linden ya yi wani aiki dabam. Ya koma baya ya nemi asalin malaman Isawa cikin rigingimun malamai da sarakunan Kano na ƙarni na 19, ya nuna cewa motsi ne da ya tsiro daga cikin karatun Musulunci na ƙasan nan. Wannan ya gyara karkatar da muka ambata, gama ya mayar wa Isawa da tarihinsu na kafin Mila. Sai dai inda labarin Gimi ya ƙare, nan shi ma ya tsaya.

Shobana Shankar, a littafinta *Who Shall Enter Paradise?* na 2014, ta juya fitila daga kan Turawa zuwa kan 'yan ƙasa: masu bishara, da ma'aikatan ɗakin magani, da kutare da aka yi wa jiyya, da masu yawo da 'yan littattafan boko. Ta nuna cewa tafiya da neman abin yi suna cikin ƙashin bayan labarin. Barbara Cooper ta yi makamancin haka game da Maraɗi da Tsibiri a littafinta na 2006. Waɗannan su ne suka fi kusa da abin da mu ke nema. Duk da haka hankalinsu ya fi zama a kan addini da siyasa, ba a kan ƙasar noma ba.

A ɗaya gefen kuma ga masu nazarin zaman jama'a. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya fitar da littafinsa a 1946. Murray Last ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi wajen farkon shekarun 1970, ya yi rubutu mai zurfi a kan cuta da magani da zaman gida. Su sun san gona da rumbu, amma majami'a da makaranta ba su ne abin da suka je nema ba. Ashe ke nan ilmin ya rabu gida biyu: masu tarihin Mishan suna riƙe da majami'a, masu nazarin jama'a suna riƙe da gona, manomin da ke zuwa duka biyun kuwa ya faɗa tsakani.

5. Gona da tsando

Bari mu gwada karanta Gimi ta fuskar ƙasa, mu ga abin da zai fito. Malami ya saɓa da masu mulki, ya kwashi almajiransa ya koma gefen daji, ya kafa tsangaya, a yi noma da damina, a yi karatu da rani: wannan tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Haka Malam Hamza ya bar Tsakuwa ya nufi Ningi wajen 1846. Haka su Isawa suka yi bayan kisan malaminsu. Da suka taru a Gimi, ba sabon abu suka yi ba, ƙaura ta biyu ce ko ta uku. Abin da ya sake shi ne littafin da a ke karantawa da wanda ke jan salla. Har kalmomin da majami'ar Hausa ta ɗauka, irin su malam, da limami, da almajiri, da wa'azi, da sujada, duk daga zauren malamai suka fito.

Sa'an nan a dubi lokacin. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, hanyarsa kuwa ta bi ta kusa da Gimi. Yaƙi da harin bayi sun ƙare, dajin da da ba a iya kwana cikinsa ya zama abin sha'awa ga mai neman gona. Ƙasar Maƙarfi kuma ƙasar fadama ce, ta yi suna wajen rake, har ana danganta shigowar injin matse rake da dafa mazarƙwaila a wannan yanki da shi Thompson ɗin. To, ƙudan tsando mai kawo ciwon barci a ina ya ke zama? A kurmin bakin rafi, inda akwai inuwa da laima, watau daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, manomin fadama ke yini. Ni'imar da ta jawo mutane ita ce ta ɗauko ajalinsu.

In an karanta shi haka, mutuwar Gimi ta fita daga zama ƙaddara da ta faɗo ba dalili, ta shiga cikin babban labarin ciwon barci a ƙasar Zazzau. Cutar ta ci gaba da ɓarna a lardin har Gwamnati ta tashi haiƙan a ƙarshen shekarun 1930, ta yi aikin Anchau: aka sare kurmin rafuka, aka tashi ƙauyuka aka tara su wuri guda, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon garin da aka sa wa suna Takalafiya. Abin da aka gane a Anchau shi ne, mutane kaɗan cikin daji mai yawa ba su iya korar tsando, sai sun yi yawan da za su riƙa share bakin rafi kullum. Gimi kuwa 'yan gidaje ne cikin daji. Wannan bayani ba ya cikin tarihin Mishan, yana cikin takardun likitoci da na ma'aikatan gona, shi ya sa mai karanta ɗaya bai cika ganin ɗayan ba.

6. Makarantar da ta fi ƙauyenta tsawon rai

Abin mamaki ga Gimi shi ne, ƙauyen ya mutu, makarantar ta rayu. Yaran da aka kwashe suka haɗu da na Mila a Zariya, daga nan sai Wusasa. Abin da wannan 'yar unguwa ta fitar sananne ne. Likita R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, ɗan wannan jama'a ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Mu kuma masu nazarin Hausa muna da namu rabo, gama John Tafida, wanda ya rubuta *Jiki Magayi* tare da Rupert East, mutumin Wusasa ne, littafin kuwa yana cikin biyar na farko da aka kafa ƙagaggen labarin boko a kansu.

A nan ma akwai abin gyara. An saba jera waɗannan sunaye a ce ga amfanin makarantar Mishan, a tsaya nan. Amma jerin manyan mutane ba tarihin makaranta ba ne. Iyayen yaran Gimi ba jahilai ba ne. Zuriyar malamai ne, sun san allo da tawada, sun san darajar mai karatu. Abin da ya faru gare su sauyin baƙaƙe ne, daga na Larabci zuwa na boko, a hannun mutanen da suka riga suka saba da zama gaban malami. Wannan yana cikin dalilan da suka sa iri ya kama da sauri haka, marubuta kuwa ba su ba shi nauyin da ya kamata ba.

Har yanzu kuma akwai gefen da ba a so a duba. Makarantar da ta yi nasara ita ce ta raba yaro da garma. Wanda ya gama ya zama malamin asibiti, ko akawu, ko soja, ya tafi Kaduna ko Ikko. Mila ya yi fatan jama'ar Kirista manoma da za su zauna cikin 'yan'uwansu Hausawa, abin da aka samu kuwa jama'ar ma'aikata ce. Ko wannan riba ce ko hasara, ya danganta ga wanda aka tambaya, amma marubucin da bai yi tambayar ba bai gama aikinsa ba.

7. Katsina Laka

Yanzu sai mu ɗauki ma'aunin mu koma ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Ita ma ƙasar baƙi ce. A ƙarni na 19 tana da dazuzzuka masu faɗi, ga kuma hare-haren mutanen Maraɗi. Bayan zuwan Turawa a 1903 manoma suka yi ta gangarowa daga arewa suna saran daji, sunayen wurare masu farawa da Unguwar, da Gidan, da Sabon, suna ba da shaida. Auduga ta ƙara jawo mutane. Aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, aka kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgi kuma ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga 1926 zuwa 1934 ma ƙasar Katsina tana cikin Lardin Zariya ne, don haka mai neman takardun waɗannan shekaru sai ya duba can.

Majami'un wannan yanki ba iri ɗaya ba ne, kuskure ne kuwa a zuba su a ƙwarya guda. Akwai ta baƙin da jirgi da ciniki suka kawo Funtuwa, Yarbawa da Ibo da sauransu, wadda harshenta da kuɗinta daga kudu su ke. Akwai ta tashar Mishan, inda Bature ya zauna da ɗakin magani: CMS ta miƙo hannu daga Wusasa zuwa Maska da Tsafe, SIM kuma, wadda ta sami shiga lardunan Musulmi ta hanyar jiyyar kutare a shekarun 1930, kamar a Babbar Ruga kusa da Katsina, ta zauna a Malumfashi, majami'unta suka zama ECWA a 1954. 'Yan Katolika ma, bayan an danƙa yankin Sakkwato ga limaman Dominikan na Amurka a 1953, sun kafa makarantar horar da masu koyar da addini a Malumfashi. Ta ukun ita ce ta gidajen Maguzawa, wadda sau da yawa ba Bature ne ya kafa ta ba, wani ɗan gida ne ya je ya yi karatu ya komo, aka yi rumfa, rumfa ta zama ɗaki.

Wannan ta ukun ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi ƙarancin marubuta. Bambancinta da Gimi a fili ya ke. A Gimi addini ne ya tara mutane, sa'an nan suka nemi gona. A nan kuwa gona ce ta tara su, addini ya same su a kai. Saboda haka tambayoyin da za a yi su ne na gida. Wane ne ya fara, mai gida ko samari? Gandu ya rabu ko bai rabu ba, sa'ad da wani ɗa ya ƙi ba da hannu ga yankan da a ke yi wa iskoki kafin shuka? Matan Maguzawa, da aka san su da noma da dafa giya, me ya sami jarinsu da majami'a ta hana giya? Wa ya ba da filin makaranta, da yardar wane dagaci? A gida guda kuma a kan sami wa ya musulunta, ƙane ya shiga majami'a, musamman tun daga rangadin musuluntarwa na Sardauna a 1963 zuwa 1965. Yaya suka ci gaba da biki da jana'iza da rabon gado? Wanda ya amsa waɗannan ya rubuta tarihin Hausawa, ba na wata ƙungiya kaɗai ba.

Ita makarantar ma tana da matakai da ya kamata a bi: daga ajin karatun addini a rumfa, zuwa zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, zuwa karɓe makarantun Mishan da gwamnatoci suka yi a shekarun 1970, da shirin ilmin firamare ga kowa na 1976. A kowane mataki mai makarantar ya sake, harshen koyarwa da abin koyarwa ma sun taɓu. Amfanin wannan doguwar hanya ya fito fili a 2023, sa'ad da aka yanke Katsina ta zama yankin bishop na Katolika mai zaman kansa, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan wani mai koyar da addini daga ƙasar Malumfashi, ya zama bishop na farko.

8. Abin da ya rage a yi

Aikin nan ba ya jira. Takardun Turawa suna nan a adane: na CMS a Jami'ar Birmingham, na Gwamnati a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne littafin baftisma da na aure da rajistar makaranta da ke cikin akwatin wani dattijo, inda gara da ɗigon ruwa ke aikinsu. Tarzomar watan Maris na 1987, wadda ta tashi daga Kafanchan ta kai Zariya da Funtuwa, ta ci majami'u da yawa, wuta kuwa ba ta zaɓen takarda. Daga baya kuma ga masifar 'yan bindiga da ta tashi ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, har aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020. Ƙauyen da ya tashi, Musulmi ne ko Kirista, tarihinsa ya kan tashi tare da shi.

Malaman kwalejojin horon malamai su ne suka fi kowa damar wannan aiki, domin ɗalibansu daga waɗannan ƙauyuka su ke. A sa kowane ɗalibi ya ɗauki wuri guda. Ya fara da ƙasa: daga ina aka zo, a wace shekara, wa ya ba da daji, ina rafi, me a ke shukawa. Sa'an nan ya zo ga majami'a ko masallaci, sa'an nan makaranta. Ya tambayi tsofaffin mata kamar yadda zai tambayi maza, ya tambayi maƙwabta waɗanda ba su shiga ba, ya rubuta maganarsu da karin harshensu, kada ya gyara ta zuwa Hausar littafi. In ya sami waƙa ko addu'a da mutanen wurin suka tsara da kansu, ya rubuta ta duka, gama wannan adabi ne da sassan Hausa na jami'o'inmu ba su ba shi kulawar da ta dace ba.

Mun san Gimi ne domin Bature ya zauna kusa da ita, ya kuwa iya alƙalami. Wannan ya sa muka san ta ta idonsa, da abin da ya gani da abin da ya tsallake. Ƙauyukan Katsina Laka ba su da Mila, amma suna da 'ya'ya da jikoki masu digiri, waɗanda makarantun nan na rumfa suka haifa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bashin da ke kansu, da kanmu masu koyar da su, shi ne a rubuta tarihin nan da Hausa, a fara shi daga gona, tun masu ba da labarin suna da rai.